RA'AYINMU: Mai Ba Da Aiki Ya Tsaya A Zaure



Maganar da muka kawo gabanku a wannan fitowa ta taso ne daga ɗaya daga cikin makarantunmu. Ba za mu faɗi sunan makarantar ko na garin ba, gama an riga an zauna an sasanta, kuma ba tonon asiri ya kawo mu ba. Kwamitin makarantar ya tara kuɗi ya sayi kyamarori saboda tsaro, abin da ya faranta wa iyayen yara rai. Aka kafa ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a ofishin ma'aji, ɗaya tana kallon filin wasan yara. Da aka ga ɗaya ta yi saura, sai aka maƙala ta a saman kabad a ɗakin hutun malamai, ba tare da an gaya wa kowa ba. A wannan ɗaki ne malamai suke cin abinci, a nan malamai mata masu goyo suke shayar da jariransu, a nan kuma mutum yake amsa waya idan an kira shi daga gida. Hoto da murya duka suna shiga kai tsaye cikin wayar shugaban kwamiti.

Wata rana dattijon ya maimaita wa wata malama, a gaban mutane, maganar da ta yi da abokiyar aikinta a kan jinkirin albashi, bai bar ko kalma ɗaya ba. Malamai ba su san da kyamarar ba, saboda haka suka ɗauka a cikinsu ne akwai mai kai gulma. Kwana da kwanaki suna zargin juna, har waɗanda suke zama a benci ɗaya ran Lahadi suka daina gaisawa, kafin mai shara ya ga abin a saman kabad. Daga ranar ɗakin ya zama kufai. Malamai suka koma cin abinci a gindin darbejiya.

Da muka tambayi dattijon, wanda mutum ne mai tsoron Allah da ya sa dukiyarsa da ƙarfinsa a ginin makarantar nan, sai ya ce mana, "Fasto, ai mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. Wanda ba shi da abin ɓoyewa, me kyamara za ta yi masa?" Mun gaskata da zuciya ɗaya ya faɗi haka. Mun kuma sani dattawa da yawa za su ba da irin wannan amsa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu tattauna batun a fili, domin ikkilisiyoyinmu yanzu masu ba da aiki ne. Muna da malamai, da ma'aikatan asibiti da ɗakunan shan magani, da direbobi, da masu gadi, da magatakarda. Kayan sa ido kuma sun yi araha. Akwai kyamara mai aika hoto cikin waya, da na'urar ɗaukar zanen yatsa a bakin ƙofa, da na'urar bin sawun mota, da manhajar da ke ɗaukar hoton fuskar kwamfuta tana ƙirga abin da ma'aikaci ya buga, wadda ta bazu a duniya tun lokacin annobar korona a 2020 da mutane suka koma aiki daga gida. Kayan sun riga mu isowa, ba mu zauna mun yi shawarar inda za su tsaya ba.

A harshenmu maganar nan "sa ido" tana da fuska biyu. Idan aka ce wa mutum, "Ka sa ido a kan aikin nan," amana aka ba shi. Idan kuwa aka ce, "Wane ɗan sa-ido ne," kowa ya san zagi ne. Matsayinmu shi ne, mai ba da aiki yana da iko a kan aikin da ya biya da sa'o'in da ya biya, ya duba su a fili bayan ya sanar. Amma bai sayi mutumin ba.

Kada wani ya ɗauka muna goyon bayan sakaci. Kuɗin da ake biyan ma'aikatanmu baikon gwauraye ne da zakkar manoma, kuma za a tambaye mu yadda muka yi da shi. Tun kafin a san kyamara, iyayenmu sun kafa ƙa'ida cewa mutum ɗaya ba ya ƙirga baiko shi kaɗai, sai biyu ko uku sun ƙirga sun sa hannu. Manzo Bulus ma, da zai kai gudummawar ikkilisiyoyi Urushalima, ya shirya yadda waɗanda ikkilisiyoyin suka zaɓa za su tafi tare da kuɗin, don kada wani ya sami abin zargi. Irin wannan dubawa tana kāre ma'aji mai gaskiya kafin ta kama maras gaskiya. Mun ga man mota yana ƙarewa a tafiyar da ba a yi ba. Mun ga magani yana fita daga ɗakin ajiya ya bayyana a shagon wani. Mun ga malami ya sa hannu a rajista da safe ya wuce gona, yara suna zaune babu kowa. Gwamnatin Tarayya kanta ta fara tsarin biyan albashi na IPPIS a 2007 saboda ma'aikatan bogi da suke karɓar kuɗi ba su da jiki. Kwamitin da ya ga irin waɗannan ya kau da kai ya ci amana.

Kotuna ma sun yarda da wannan haƙƙi. A 2009, a wani babban kanti a ƙasar Sifaniya, manaja ya ga wata bayan wata kayan da suke fita ba su daidaita da kuɗin da yake shiga ba, asarar kuma tana ƙaruwa. Ya kafa kyamarori na fili da na ɓoye, na ɓoyen suna kallon wurin karɓar kuɗi kaɗai. A cikin kwana goma aka ga yadda ake satar, aka sallami ma'aikata 14. Biyar daga cikinsu suka kai ƙara har Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Strasbourg a Faransa. A Oktoba 2019 babban zauren kotun ya ce ba a tauye musu haƙƙi ba. Amma a lura da dalilan da ta bayar: akwai asara babba da aka riga aka gani a lissafi, kyamarar tana kallon wurin da jama'a suke shiga da fita, an yi abin na 'yan kwanaki an tsaya, mutane kaɗan ne suka ga hotunan, kuma ba a yi amfani da su don wani abu dabam ba. Kotun ta kuma nuna cewa ɗan ƙaramin zato ba zai isa a ɓoye wa ma'aikata kyamara ba, kuma wurare irin su bayan gida da ɗakin canja tufafi suna da kāriya mai ƙarfi. A gwada wannan da abin da ya faru a makarantarmu. Babu abin da ya ɓace a ɗakin malamai. Kyamarar saura ta yi, aka nema mata aiki.

Kakanninmu sun san wannan iyaka tun kafin alƙalan Turai. Wanda ya gina gida ya yi masa zaure. Baƙo, ko da mai gari ne, ya yi sallama ya tsaya a zaure, a nan za a yi maganar da ta kawo shi. Ba don ana aikata mugunta a cikin gida ake tsai da shi ba. A ciki ne mace take kwance ɗankwalinta, a ciki ake jinya, a ciki ake faɗa a shirya, a ciki ake kwana da yunwa a fito da safe da fara'a. Wannan shi muke kira rufin asiri, kuma babu wanda yake roƙon Allah ya yaye masa shi. Ma'aikaci ba ya barin wannan a gida idan ya zo aiki. Yana zuwa da shi a cikin wayarsa, da jakarsa, da takardar asibitinsa, da hirarsa a lokacin hutu. Aikin shi ne zaure, can kuma mai ba da aiki zai tsaya.

Wannan kotu ta Strasbourg ta taɓa duba wata shari'a da ta nuna haka. Wani injiniya ɗan ƙasar Romaniya, kamfaninsa ya sa shi buɗe Yahoo Messenger domin amsa wa masu ciniki. Dokar kamfanin ta hana yin amfani da kwamfutar ofis don harkar kai. A Yuli 2007 kamfanin ya bi saƙonninsa na kwanaki, sa'an nan ya ajiye masa shafi 45 a gaba, a ciki har da hirarsa da ɗan'uwansa da kuma yarinyar da zai aura, wasu a kan lafiyarsa da abin da ba a faɗa a gaban mutane. Aka kore shi. Kotunan ƙasarsa suka ba kamfani gaskiya. Sai bayan shekara goma, a Satumba 2017, babban zauren kotun, alƙalai 11 a kan 6, ya ce ba a kāre masa haƙƙinsa ba. Kotun ba ta wanke shi daga karya dokar ofis ba. Abin da ta ce shi ne, ya kamata a tambaya ko an gaya masa tun farko cewa za a karanta abin da ya rubuta, ko akwai dalilin da ya isa a shiga har cikin saƙon, ko kuma akwai hanya mai sauƙi da za ta biya bukata. Idan ana so a san ko mutum yana ɓata lokacin aiki, ana iya ganin yawan lokacin da ya yi ba tare da an karanta abin da ya gaya wa wadda zai aura ba. Laifin ma'aikaci ba ya buɗe wa maigida ƙofar ɗakin kwanansa.

Amma abin da ya fi damunmu ba na'ura ba ne, kuma a nan muke roƙon fastoci da dattawa su saurara da kyau.

H&M kamfanin sayar da tufafi ne na ƙasar Suwidin. Yana da wata cibiyar kula da masu ciniki a birnin Nuremberg na Jamus, mai ɗaruruwan ma'aikata. Aƙalla tun 2014, idan ma'aikaci ya dawo daga hutu ko daga jinya, ko da ta 'yan kwanaki ce, shugabansa yakan kira shi su yi hirar barka da dawowa. Yaya jiki? Me likita ya ce? Ina aka je hutu? Yaya iyali? Tambayoyi ne irin na mai ƙauna, mutane kuma suka saki jiki suka amsa. Ashe ana rubutawa. Ciwon da mutum yake da shi, rikicin gidansa, har da addininsa, duk an shigar a kwamfuta inda shugabanni har 50 suke iya karantawa, ana kuma dubawa idan za a yanke shawara a kan aikin mutum. A Oktoba 2019 wani kuskure na kwamfuta ya sa bayanan suka buɗe wa dukan kamfanin na wasu sa'o'i, asiri ya tonu. A Oktoba 2020 hukumar kāre bayanai ta Hamburg ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 35 da ɗoriya. Kamfanin ya nemi gafarar ma'aikatan ya kuma biya su diyya.

Babu kyamarar ɓoye a wannan labari. Kunne ne da murmushi da littafin rubutu. To, wa ya fi mu jin irin waɗannan maganganu? A yawancin wurarenmu fasto ɗaya ne yake yi wa malama addu'a a kan aurenta ran Laraba, shi ne kuma yake zama a kujerar shugaban kwamitin makaranta ran Jumma'a da za a duba wanda za a ƙara wa girma da wanda za a rage. Matar dattijo tana jin ciwon ma'aikaciyar asibiti a taron zumuntar mata, a matsayin roƙon addu'a, kafin mako ya zagayo maganar ta isa teburin da ake sabunta kwantiragi. Ba wanda ya yi niyyar mugunta. Sai dai a ji wani ya ce, "Wance tana da damuwa a gida, kada a ba ta ajin jarrabawa bana," ko kuwa, "Wane ba shi da ƙoshin lafiya, gara mu nemi wani direba." An ɗauki abin da aka faɗa wa makiyayi an miƙa wa mai ba da aiki, ko da yake mutum ɗaya ne yake sanye da rigunan biyu. Idan mutane suka gane haka, za su yi abin da malaman nan suka yi da ɗakin hutu, wato su ƙaurace. Ranar da ma'aikacin ikkilisiya ya ji tsoron gaya wa fastonsa cewa yana fama da sha, ko matarsa ta yi yaji, domin kada ya rasa abincinsa, ranar mun rasa tunkiya saboda muna gadin albashi. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, mu da aka koya wa wannan a makarantar tauhidi ya kamata mu fi kowa riƙe shi.

Akwai wanda zai ce, ai mu don gyaran rayuwarsu muke yi. An taɓa gwada wannan, kuma da hannun malamin ikkilisiya. A Janairu 1914 Henry Ford, mai kamfanin motoci a Amurka, ya sanar da dala 5 a rana, kusan ninkin abin da ake biya a lokacin. Amma da sharaɗi. Ya kafa wani sashe na masu bincike da suke zuwa gidajen ma'aikata su duba ko mutum yana shan giya, ko gidansa yana da tsabta, ko yana ajiyar kuɗi, ko zaman aure yake yi na gaskiya. Wanda bai ci wannan jarrabawa ba, ba ya samun cikakken kuɗin. Daga 1915 wanda ya shugabanci sashen Rabaran Samuel Marquis ne, babban limamin wata majami'a a Detroit, mutum mai kyakkyawar niyya. Wasu iyalai sun amfana, ba mu musa ba. Duk da haka ma'aikata da yawa sun ƙi jinin abin, Marquis ya bar aikin a 1921, sashen ya shuɗe, Ford kansa kuma daga baya ya yarda cewa leƙen rayuwar ma'aikata da sunan taimako abu ne da ya wuce yayi. Kyakkyawar niyya ba ta hana mutum jin wulaƙanci idan wanda yake riƙe da albashinsa ya ɗaga labulen ɗakinsa.

Mun sani aikin ikkilisiya ba kamar na kamfanin motoci ba ne. Wanda ya karɓi aiki a makarantarmu ya yarda da wasu ƙa'idodi na zama, kuma ikkilisiya tana da hanyarta ta horo. Idan abu ya fito fili, ko aka kawo ƙara da shaidu, a kira mutum a ji ta bakinsa, a bi tsari. Idan kuma ana zargin wani da cutar da yaro ko majinyaci, wannan ba batun rufin asiri ba ne, wajibi ne a bincika a kuma sanar da hukuma. Abin da muke ƙi shi ne farauta, wato a karɓi wayar malami a ce ya buɗe WhatsApp a gani, a sa wani yaro ya riƙa kawo hoton abin da ma'aikaci ya rubuta a Facebook, a tambayi mai gadi wa ya ziyarci wance da yamma, a tara duka a ajiye don ranar da za a bukata.

Bari mu koma ga karin maganar dattijonmu. Gaskiya ne mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Amma malamar da take shayar da jaririnta ba kaza ta sata ba. Wanda yake magana da likita a waya bai yi laifi ba. Wadda ta yi gunaguni a kan albashin da ya makara gaskiya ta faɗa, abin da ya kamata kwamiti ya yi shi ne ya biya albashin. Akwai bambanci tsakanin abin ɓoyewa da abin suturtawa. Shi dattijon ma, da za a kafa kyamara a ɗakinsa a aika hoton cikin wayar malamai, ba zai yarda ba, ba kuwa don yana da mugun abu ba.

Mu da muke zaune a wuraren da ba mu da yawa, ya kamata mu fi kowa gane wannan. Mun san labarin Daniyel. Abokan aikinsa sun fara da bin diddigin aikinsa a mulkin sarki Dariyus, ba su sami ha'inci ko sakaci ba. Da aiki ya ƙi ba su abin da suke nema, sai suka bar ofis suka bi shi gida, suka same shi yana addu'a a ɗakinsa na bene. Binciken farko hurumin sarki ne. Na biyun makirci ne. 'Yan'uwanmu da yawa da suke aiki a ma'aikatu da kamfanoni sun zo mana da irin wannan kuka: an lura da inda suke sujada, an tambayi asalin sunansu, an bi abin da suka rubuta a dandalin sada zumunta a ranar hutunsu, sa'an nan ƙarin girma ya wuce su ba bayani. Muna rubuta wa hukuma takardun koke a kan haka, kuma daidai ne. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A makarantunmu da asibitocinmu akwai Musulmi da suke aiki tare da mu, akwai kuma masu bi daga wasu ɗariku. Yadda muke so a yi wa namu a wurin da ba su da yawa, haka za mu yi wa waɗanda ba su da yawa a wurinmu.

Ga masu cewa waɗannan shari'o'in Turai ne, ba su shafe mu ba, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya kāre sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Sashe na 38 ya kāre 'yancin addini. A Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kāre Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki. Dokar ta ce wanda zai tara bayanin mutum ya yi shi a fili, don wata manufa da aka fayyace, kada ya ɗibi fiye da bukata, kada kuma ya riƙe fiye da lokacin da ya kamata. Ta ba mutum ikon ya nemi ganin abin da aka rubuta a kansa, a gyara idan kuskure ne. Ta ware wasu bayanai ta ba su kāriya ta musamman, a ciki har da lafiyar mutum, da addininsa, da ƙabilarsa, da zanen yatsarsa. Ta yarda ƙungiyar addini ta riƙe bayanan membobinta don aikinta, da sharaɗin kada ta fitar da su waje sai da yardarsu. Tarar da ta tanada ga ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Akwai kuma dokar 2014 da ta hana a tilasta wa mutum gwajin ƙanjamau kafin a ba shi aiki, wadda muke jin har yanzu wasu kwamitocinmu ba su san da ita ba. Ma'aikacin da aka zalunta yana iya zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Abin kunya ne a kira sunan ikkilisiya a can a kan leƙen ɗakin malamai mata.

Saboda haka muna roƙon kowace majalisar dattawa da take da ma'aikata ta sa wannan batu a jerin maganganun taronta na gaba. A zaga da ƙafa tare da wakilin ma'aikata, a ƙirga kyamarorin da ke akwai, a tambayi dalilin kowace ɗaya. Wadda ba a iya faɗin dalilinta a gaban ma'aikata ba, a sauke ta. Wadda ta rage a liƙa sanarwa kusa da ita, a kashe mata ɗaukar murya, a kuma rubuta sunan waɗanda aka yarda su duba hoton da kwanakin da za a riƙe shi kafin a goge. Kada hoton wurin aiki ya zauna a wayar mutum ɗaya da yake tafiya da ita gida, 'ya'yansa suna wasa da ita. Motar ikkilisiya a sa mata na'urar bin sawu idan akwai bukata, amma a gaya wa direba, kuma babur ɗinsa na kansa ba namu ba ne. Duk wannan a rubuta shi a takardar ɗaukar aiki, da Hausa ga wanda Hausa yake karantawa.

Mafi muhimmanci, a raba littafin kiwo da fayil ɗin aiki. Faston da ya ji sirrin ma'aikaci a ɗakin shawara, idan batun mutumin ya zo gaban kwamiti, ya kame bakinsa a kan abin da ya ji, in ya ga ba zai iya ba ya tashi ya ba wani kujerar. Inda ikkilisiya take da hali, gara ma shugaban kwamitin ma'aikata ya zama wani dabam ba fasto ba. Takardar asibitin da ma'aikaci ya kawo ta nuna kwanakin hutun da likita ya ba shi ta isa, sunan ciwon tsakaninsa da likitansa ne.

Wannan magana ta shafi gidajenmu ma. Yarinyar da take yi mana aiki a gida, gidanmu shi ne wurin aikinta. A ƙirga canjin cefane ba laifi, amma a bar mata wayarta da akwatinta da ɗakin da take kwana.

Ku kuma 'yan'uwa da kuke aiki a ƙarƙashin wasu, ku sani kwamfutar ofis da imel na ofis ba naku ba ne, ku ɗauka ana iya ganin abin da ke cikinsu. Harkar gida ku yi ta a wayarku a lokacinku. Ku nemi a nuna muku a rubuce abin da ake dubawa, tambayar ba rashin kunya ba ce. Wanda ya ga an wuce gona da iri ya ajiye shaida, ya zo mu duba tare da lauyoyin da muke da su a cikinmu. Dattawan da suke da ra'ayi dabam da namu kuma su rubuto, za mu buga.

A makarantar da muka fara da labarinta, an sauke kyamarar daga saman kabad an kai ta ɗakin janareta, inda dama can ake kukan ɓacewar mai, aka kuma liƙa sanarwa a ƙofar. Dattijon ya tara malamai ya nemi gafara, ya goge abin da ke cikin wayarsa a gabansu, an kuma biya bashin albashin. Malamar da aka maimaita wa maganarta ta ce ta yafe. Da muka ziyarce su bayan haka, mun tarar da wasu sun koma ɗakin hutu, amma masu goyo har yanzu a gindin darbejiya suke shimfiɗa tabarmarsu.